Jagorar Ɗan Zongo da Ke Son Kafa Sana'a Tun Yana Jami'a a Kumasi

Ranar da na gaya wa kawuna a Aboabo cewa an sa mana darasin koyon kafa kasuwanci a jami'a, sai da ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. Mutum ne da ya tsufa a cinikin goro, kuma gado ya yi. Ya ce, "To ɗana, shi malamin naku me yake sayarwa?" Na ce, "Kawu, ai koyarwa yake yi." Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya ɗauki kofinsa.

Na daɗe ina jin haushin wannan tambayar kafin na gane amfaninta. Darasin yana da kyau, kuma akwai abubuwan da na koya a aji waɗanda Kawu bai taɓa zama ya lissafa ba. Amma ɗalibin da ya ci jarrabawar kasuwanci bai taɓa karɓar sidi ɗaya daga hannun baƙo ba, tamkar wanda ya haddace hukunce-hukuncen alwala ne bai taɓa ruwa ba. Saboda haka wannan jagorar taka ce, ƙanena, da ke ƙanwata, ko kana KNUST da muke kira Tek, ko jami'ar koyar da sana'a da ke Tanoso wadda aka kafa a 2020 da sunan AAMUSTED, ko jami'ar fasaha ta Kumasi. Manufar ita ce kafin simesta ta ƙare ka sayar da wani abu na gaske, ka kuma san ko riba ka ci ko faɗuwa ka yi.

Da farko, ka gyara niyyarka game da darasin

Yadda aka saba, malami zai raba ku rukuni-rukuni, ya ce ku rubuta tsarin kasuwanci ku gabatar a gaban aji. Abin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne su ƙirƙiri kamfanin da zai ci miliyoyi a shekara ta uku, a kan takarda. Ana samun maki da haka, ba na musu. Kai dai ka lallashi 'yan rukuninku ku zaɓi abin da za ku iya fara sayarwa cikin mako uku, da kuɗin da ke aljihunku. Idan ranar gabatarwa ta zo, kuna da sunayen masu saye da littafin ciniki, sauran suna da hasashe.

Abu uku za ka kasa kunne a kansu sosai: yadda ake fitar da ainihin kuɗin da haja ɗaya ta ci, yadda ake bin shigar kuɗi da fitarsu mako-mako, da dokokin rajista. Sauran kalmomin Turanci masu daɗin faɗi, ka haddace don jarrabawa. In kuma sashenku ba ya ba da darasin, nemi izinin malami ka riƙa zama a bayan aji. A Tek akwai cibiyar renon ƙananan kasuwanci ta Kumasi Business Incubator, a Kentinkrono kuma akwai Kumasi Hive inda matasa masu ƙere-ƙere ke haɗuwa. Ɗalibin injiniya ya san cewa tun 1972 Tek ta buɗe cibiyar ba da shawara kan fasaha ta TCC, wadda ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da maƙeran Suame Magazine. Hanyar da ke tsakanin aji da bakin aiki tsohuwa ce a garin nan.

Na biyu, nemo abin da ke damun mutane har suke biyan kuɗi a kansa

Kada ka fara da tambayar "me zan sayar?" Fita ka zaga Ayeduase da Kotei da Bomso da yamma, ka shiga hostal-hostal na Tek irin su Conti da Katanga da Africa Hall, ka ga inda ɗalibai ke tsayawa layi, da abin da suke ƙorafi a kai, da abin da suke hawa trotro, wato motar haya, har Adum ko Kejetia don su sayo. Wanki, gyaran waya, ɗinkin abaya da mayafi, buga takardun furojet, abinci bayan ƙarfe goma na dare, kwashe kaya ranar da aka rufe makaranta. Duk inda ka ga mutum yana ɓata lokaci ko kuɗi yana tsaki, akwai ciniki a wurin.

A nan ɗan Zongo yana da abin da abokan karatunsa ba su da shi, sai dai sau da yawa shi ne na ƙarshen ganewa. Kana jin Hausa da Twi da Turanci. Ka san gidan da ake dafa waakye mai kyau, wanda sunansa ma daga wake ya fito. Ka san mai koko da ƙosai, mai fura, mai kilishi, telan da ba ya saɓa alkawari a Asawase, da Alhajin da ke sari a Alabar. Mafi girma, in ka je wurinsu sun san ɗan gidan wane ne kai. Abokinka da ya zo daga wani gari zai shekara yana neman wannan yardar.

Idan ka ga abin da kake zato, yi magana da mutum ashirin ko talatin da abin ya shafa. Kada ka tambaye su, "In na kawo za ka saya?" Mu mutanen kunya ne, kowa zai ce maka insha Allahu. Tambaye shi yadda ya yi jiya, nawa ya biya, me ya ɓata masa rai. Shaida ɗaya ce ba ta ƙarya: wanda ya tura maka kafin alƙalami ta momo, wato tura kuɗi ta waya, tun kayan ba su zo ba. In cikin talatin ba ka sami biyar da suka yi haka ba, ka gode wa Allah da ya nuna maka da wuri, ka sake dubawa.

Na uku, je ka zauna a rumfar wani

Wannan matakin ba ya cikin manhajar kowace jami'a, kuma a ganina ya fi sauran tasiri. Nemi wanda ya daɗe yana irin sana'ar da kake so, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Hajiya, so nake in riƙa zuwa ranar Asabar ina taya ki aiki, in koya." Kada ka je da takardar tambayoyi kamar ɗan jarida. Ɗauki tsintsiya, ɗaura leda, miƙa canji, ka buɗe ido.

Cikin Asabar huɗu za ka ga abin da littafi ba ya faɗa: yadda take gane mai saye daga mai taya wa banza, wanda take ba bashi da wanda take ce wa "wallahi yau ba hali", lokacin da take ƙara gyara don mutum ya dawo gobe, da abin da take yi da kwantai. Ka lura da ƙarfe nawa take zuwa sari, da dalilin da ya sa take sayen wani abu da yawa wani kuma kaɗan-kaɗan. Da dare sai ka zauna ka fassara abin da ka gani zuwa lissafin da aka koya maka a aji. A nan ilimin biyu ke haɗuwa.

Ko tsarin da manhajojin waya ke taƙama da shi yau, na haɗa mai kaya da mai saye a yanki kamasho, kakanninmu sun yi shi a fataucin goro tsakanin ƙasar Asante da ƙasar Hausa. Maigida ya sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi, ya karɓi la'adarsa. Jarinsa sunansa ne.

Na huɗu, yi ɗan gwaji, ka yi lissafi kafin ka yi murna

Ni da abincin sahur na fara. A watan azumi na ga 'yan'uwa Musulmi a hostal suna sahur da burodi da ruwan shayi, alhali a unguwarmu tukwane na kan wuta tun tsakar dare. Na shirya da wata Hajiya maƙwabciyarmu, na sami mai babur, na tattara sunaye a masallaci bayan tarawihi.

Ga yadda lissafin irin wannan yake tafiya. Alƙaluman misali ne kawai, je kasuwa ka ji farashin yau da kunnenka, domin wanda ya ga Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari, ya san farashin bara ba ya aiki bana. A ce Hajiya tana ba ka kwano ɗaya a sidi 18, roba da cokali da leda sun ci sidi 2, kai kuma kana sayarwa 27. Kowane kwano ya bar maka sidi 7. Mai babur yana karɓar sidi 70 kowane dare, ko kwano ɗaya ya ɗauka ko talatin. Ke nan sai ka sayar da kwano 10 kafin ka fita kuɗin babur, ribarka daga na 11 take farawa. In ka sayar da 25, ka tashi da sidi 105.

Yanzu a ce ka karɓo 25, mutum biyu suka kashe waya suka yi barci. Ka sayar da 23, kuɗin da ya shigo 621, wanda ya fita 570. Saura 51. Kwano biyu kacal sun cinye fiye da rabin ribar dare. Ban fahimci dalilin da ya sa Hajiyoyin kasuwa ke tsanar kwantai ba sai da na yi wannan lissafin a kan gadona da asuba. Daga ranar na kafa doka: wanda bai biya kafin ƙarfe tara na dare ba, babu kwanonsa.

Kada ka manta da abubuwan da ba sa ihu: datar waya, kuɗin cire kuɗi a wurin mai momo, kuɗin motarka zuwa sari, da lokacinka. An soke harajin tura kuɗi ta waya a Afrilun 2025, wanda aka fara karɓa a Mayun 2022, amma kamfanin waya yana nan yana yankar nasa. In bayan ka cire duk wannan abin da ya rage bai kai ladan wanda ya yi aikin awa ɗaya ba, to wahala ka saya. Ƙara farashi, rage kashewa, ko ka bari.

Na biyar, raba kuɗin sana'a da na aljihunka, ka kuma rubuta komai

Sayi layi na biyu don sana'a kaɗai, duk ciniki ya bi ta nan. Sayi littafi mai layi, kowane dare ka rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda kake bi. Yanka wa kanka ɗan albashi a mako, kada ka wuce shi. Uwar kuɗi ba ta sayen katin waya, ba ta zuwa biki.

Bashi kuwa, an ce hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin abokin ɗaki shi ke kashe sana'ar ɗalibi. "Ɗan'uwa, rubuta, in an turo mini daga gida zan ba ka." Ka ji wannan sau goma, jarinka ya koma cikin mutane. Koyi faɗin "kuɗin ba nawa ba ne, na Hajiya ne" da fara'a. Gaskiya ce ma, tunda ita za ka biya da safe.

Inda na fi ƙonewa shi ne haɗin gwiwa. Bayan azumi na haɗa jari da wani abokina muka shiga wankin kaya. Tare muke sallah, tare muke cin abinci, sai na ga rubuta yarjejeniya kamar zargi ne. Wata rana na duba layin sana'a na tarar babu kusan rabin kuɗin. Ya cire ya cika kuɗin hostal, da niyyar zai mayar. Ba sata ya yi ba a ganinsa, tunda shi ma yana da kaso. Ba mu taɓa faɗin nawa ne kason ba, ko yaushe ake ɗauka. Sana'ar ta mutu, zumuncin ma da ƙyar ya rayu. Abin kunyar shi ne duk mun san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu.

Shafi ɗaya ya isa. Wa ya sa nawa, wa ke yin wane aiki, yaushe ake raba riba kuma ta wane kaso, wa ke da ikon taɓa kuɗi, yaya za a yi in ɗaya yana son fita, kuma da sunan wa layin waya da shafin Instagram suke. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi, domin ranar rabuwa duk masu sayenku suna cikin wannan layin. Ku sa hannu a gaban mutum biyu da kuke jin nauyinsu.

Na shida, jari

Kowa da shi yake fara kuka, ni kuwa da gangan na ajiye shi nan. Wanda ya bi matakan baya zai ga abin da yake buƙata bai kai yadda ya zata ba. Fara da ajiyarka, sai kafin alƙalamin masu saye, sai kayan da mai sari zai ba ka ka sayar ka kawo kuɗi. Bayan haka adashi, wanda a nan aka fi sani da susu, in dai ka san uwar adashin. In sana'ar ta nuna alamar tsayawa, je wurin babba a dangi da littafinka a hannu, ka ce, "Alhaji, ga abin da na yi a wata uku, ina neman ka sa jari mu raba riba." Wannan shi ne mudaraba a fiƙihu: kuɗi nasa, aiki naka, riba bisa kason da kuka amince, in an faɗi ba da sakacinka ba shi ya yi asarar kuɗi kai ka yi asarar wahala. Ku fayyace tun farko ko kyauta ce, ko rance, ko jari. Rigingimun gida da yawa daga rashin wannan fayyacewar suke tashi.

Akwai kuma tallafi. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba matasan Afirka horo da jarin dala 5,000, kuma a farkon shekara take buɗe neman shiga. Gwamnati tana da shirye-shiryen tallafa wa masu kafa sana'a, NEIP tun 2017, da Adwumawura da aka ƙaddamar a nan Kumasi a 2025. Hukumar kula da ƙananan sana'o'i ta GEA, wadda kafin 2020 ake kira NBSSI, tana da ofisoshin ba ƙananan 'yan kasuwa shawara a gundumomi. Nema ba laifi, kuma mai littafin ciniki na gaske ya fi mai zance tsayawa a gaban alƙalai. Sai dai na ga ɗaliban da suka mayar da gasa sana'a, kullum suna cikin kwat suna gabatarwa, ba su da mai saye ko ɗaya.

Kuɗin makaranta haramun ne ga sana'a, ko da ribar tana yi maka murmushi. Haka manhajojin bashi na waya masu kuɗin ruwa, waɗanda in ka makara suke bin lambobin da ke wayarka suna tozarta ka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ka kawo mutum biyu, ko ya yi maka alkawarin riba tabbatacciya kowane wata ba tare da ka ga haja ba, tuna da kamfanin zuba jari a zinare na Menzgold da hukuma ta dakatar a 2018 da halin da masu ajiya suka shiga.

Na bakwai, rajista da izini

Ba sai ka yi rajista ranar farko ba. Lokacinta shi ne in ciniki ya fara maimaituwa, ko kana son asusun banki da sunan sana'a, ko wata ma'aikata ta nemi rasit. Ofishin rajistar kamfanoni, ORC, shi ke da wannan aikin tun bayan dokar kamfanoni ta 2019, kuma kana iya farawa ta intanet. Tanadi katin shaidar ɗan ƙasa na Ghana, wanda tun Afrilun 2021 lambarsa ce lambar harajin mutum, da adireshinka na GhanaPostGPS, da sunaye biyu ko uku ko da an riga ka ɗaya.

Mafi sauƙi shi ne rajistar sunan sana'a ta mutum ɗaya. Ana sabunta ta kowace shekara, kuma a idon doka kai da sana'ar abu ɗaya ne, bashinta bashinka ne. Akwai ta haɗin gwiwa, daga mutum 2 zuwa 20. Sai kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda ke buƙatar daraktoci aƙalla biyu, da sakatare, da mai binciken kuɗi, da rahoton shekara-shekara. Ɗalibai suna son wannan don a kira su shugaban kamfani, amma ɗawainiyarsa ta fi ƙarfin mai sayar da kwano 25. Fara da na farko, in ka girma ka sauya.

In ka buɗe shago ko kiyos, majalisar yankinka za ta nemi kuɗin izinin sana'a: Oforikrom ga na kewayen Tek, Asokore Mampong ga na Aboabo da Asawase, majalisar birnin Kumasi, KMA, ga na tsakiyar gari. Mai abinci yana buƙatar takardar gwajin lafiya. In kuma za ka ɗura sobolo, wato zoɓo, ko burkina, mai kama da fura da nono, a kwalba ka manna suna, ko ka haɗa man shafawa, to hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ce ke da magana, kuma tana da tsarin lasisi mataki-mataki don masu ƙananan sana'o'i. Tambayi hukumar hostal ɗinka ma kafin ka mayar da ɗaki sito.

Na ƙarshe, kalandar makaranta

Kasuwar ɗalibai tana da damina da rani. Ni sai da aka yi sallah na gane cewa sana'ar sahur kwana talatin ce a shekara, kuma kowace shekara azumi yana matsowa da kusan kwana 11, wata shekarar ma a hutu zai faɗo. In an rufe makaranta Ayeduase kan yi tsit. Saboda haka tun farko ka lissafa watannin da ba ciniki, ka nemi masu saye a cikin gari waɗanda ba sa tafiya hutu, ko ka zaɓi sana'ar da ba ta cin haya in tana barci.

Mako biyu kafin jarrabawa ka rage aiki ko ka miƙa wa wani amintacce, ka sanar da masu sayenka tun da wuri. Iyayenka digiri suka aiko ka nema, kuma maki in ya zube da wuya ya kwasu.

A shekarar ƙarshe ka zauna da littafinka ka yanke shawara tun kafin a fitar da sunayen bautar ƙasa, domin shekara guda ce kuma ana iya tura ka nesa da Kumasi. In sana'ar tana iya biyan ma'aikaci ta bar maka wani abu, fara koya wa wanda zai riƙe tun simesta ta farko. In ba ta kai ba, sayar da kayan aikin da layin ga ɗalibin da ke bayanka, ko ka rufe. Ranar rufewa, fara biyan mai sari, sai mai babur, sai wanda ya ba ka jari, sannan ka aika wa masu sayenka saƙo ka gaya musu inda za su samu daga yanzu. Littafin kuma ka adana shi, domin shi za ka buɗe wa Alhaji ko banki ranar da ka tashi kafa ta biyu.